Yadda Za Ka Je Ƙasar Waje Ka Dawo Ba Ka Faɗa Hannun Hukuma Ba

Duk shekara idan azumi ya gabato ko hutun makaranta ya zo, wayata ba ta hutawa. Wani daga Garwa zai tafi Umra, wata daga Marwa za ta Dubai buɗe ido da sarin kaya, wani saurayi a Ngaundere ya samu bizar Faransa zai je ganin yayansa, wasu kuwa biki ne kawai zai kai su Yola ko Kano. Tambayarsu ɗaya ce: me zan riƙe, me zan bari, kuma in ’yan sanda suka tare ni yaya zan yi? Amsa a waya ba ta ɗaukar abin duka, shi ya sa na zauna na jera shi daki-daki.

A shekarun da na yi ina fita, mutanenmu da na gani a tsare, kaɗan ne miyagu a cikinsu. Galibi halin gida ne ya kai su: kara, jin nauyin cewa a’a, ƙulla magani a leda, miƙa na goro a shinge. Abin da muke kira kirki ko dabara a nan, a can sunansa laifi, kuma alƙali ba ya karɓar “ban sani ba”.

Mataki na 1: Fasfo da katin rigakafi

Fara da wannan aƙalla wata 2 kafin tafiya. Tun 2021 ta intanet ake cika takardar neman fasfon Kamaru, a biya sefa 110,000, sannan a ba ka ranar da za ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Shekara 5 yake yi. Duk wanda ya ce zai kawo maka fasfo har gida ba ka je an ɗauki yatsunka ba, ɗauri yake shirya maka.

Idan kana da fasfo, buɗe shi yau ka duba ranar ƙarewarsa. Saudiyya, Daular Larabawa, Masar da wasu ƙasashe da yawa suna son ya rage masa wata 6 ranar da za ka shiga. Sannan ka duba rubutun sunanka. Mu nan Usmanu ɗaya ana rubuta shi Ousmanou, Oussoumanou ko Ousman, gwargwadon hannun wanda ya yi takardar haihuwa. Yadda yake a fasfo, harafi da harafi, haka zai zama a biza da tikiti. Ka ba mai yankan tikiti hoton shafin fasfon, kada ka karanta masa suna ta waya.

Allurar zazzaɓin shawara sau ɗaya ake yinta, kuma tun 2016 katin nan mai ruwan ɗorawa ba ya ƙarewa, amma sai ta kwana 10 a jikinka take aiki a wurin hukuma. Mai zuwa Umra ko Hajji zai ƙara da ta sanƙarau, ita ma kwana 10 kafin isa.

Gargaɗi: kada ka sayi katin da aka buga wa hatimi ba a yi maka allura ba. Jabun takarda ce, ga kuma cutar tana nan ba ta san hatimi ba.

Idan za ki tafi da yaro ba tare da mahaifinsa ba, ko da ɗiyar ƙanwarki da kike riƙo, ki nemi takardar izinin iyaye da hukuma ta sa wa hannu. A wurinmu riƙo zumunci ne. Jami’in iyaka kuwa, in ya ga yarinya da sunan da bai dace da naki ba, safarar yara ce za ta fara zuwa masa a rai.

Mutanen bakin iyaka kuma, masu takardun ƙasa biyu a aljihu, ku zaɓi ɗaya. Dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba. Kuma fasfon da ka shiga da shi, ofishin jakadancin wannan ƙasar ne zai tsaya maka in wani abu ya faru.

Mataki na 2: Karanta bizarka da idonka

Ba ko’ina ake neman biza ba. Ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, guda 6, wato Kamaru, Cadi, Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya, sun buɗe wa junansu ƙofa tun 2017 don zaman da bai wuce kwana 90 ba. Najeriya ma ɗan Kamaru da ɗan Cadi suna shiga ba biza na kwana 90. Rashin biza ba ya nufin rashin takarda, za mu zo kan wannan a mataki na 6.

Inda ake neman biza, kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita abu biyu da ke rubuce a jikinta: tsawon lokacin da bizar take raye, da adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Za ka ga biza mai wata 6 amma kwanan zama 30 ne kacal. Bizar Turai ta Shengen, wadda kuɗinta ya koma yuro 90 a 2024, wajen sefa 59,000 ke nan, ba ta ba kowa fiye da kwana 90 cikin kwana 180, sau da yawa ma abin da za a rubuta maka bai kai haka ba. Ranar da ka sauka, ɗauki alƙalami ka ƙirga, ranar shiga da ranar fita duk suna cikin lissafi. Ka rubuta ranar ƙarshe a takarda, ka sa tikitin dawowarka kwana 2 ko 3 kafin ta, saboda jirgi yana fasa tashi.

A Daular Larabawa kowace rana da ka ƙara bayan wa’adinka dirhami 50 ce, kuma ba ka fita sai ka biya. A Turai ƙarin kwana yana iya jawo a hana ka shiga na shekaru.

Abu na biyu, bizar yawon buɗe ido ba ta aiki ba ce. Tsayuwa a shagon ɗan’uwa kana karɓar kuɗin masu saye, ko shimfiɗa turare da zobe a bakin titi, aiki ne a idon doka ko da na yini ɗaya ne.

A nan zan daɗe kaɗan, don abin yana ci mini rai. Bizar Umra da bizar ziyara ba sa yin Hajji. Kowace shekara Saudiyya tana sa ranar da mai Umra na ƙarshe zai bar ƙasar, a 2025 ranar 29 ga Afrilu ce, 1 ga Zulƙida. A shekarar ta 2025 wanda aka kama yana neman yin Hajji ba izini tararsa ta kai riyal 20,000, a mayar da shi gida, a hana shi shiga shekara 10. Wanda ya ɓoye shi ko ya ɗauke shi a mota tasa tarar ta kai riyal 100,000. Kafin a maido mutum kuwa sai ya ɗanɗani zaman tarhil, gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi kusa da Makka. Ba a nan ma abin ya fi ciwo ba. A Hajjin 2024, lokacin tsananin zafin nan, hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 ne suka rasu, kashi 83 cikin 100 marasa izini ne, masu tafiya a rana ba tanti ba mota. Duk ejan da ya ce wa tsohuwarka “ki tafi Umrar azumi ki laɓe har Arfa”, ya ɗauki ranta ya sa a caca. Kada ka biya masa ko dala.

Gargaɗi: wanda aka taɓa korowa kada ya canza suna ya yi sabon fasfo ya koma. Yatsunsa suna cikin kwamfutarsu, kuma yatsa ba ya canza suna.

Mataki na 3: Haɗa kaya

Zazzage jakar gaba ɗaya tukuna, har ƙananan aljihunan ciki, musamman in aro ka yi. Sannan ka bi kayanka ɗaya-ɗaya.

Magani shi ne kan gaba. Tramol da ake samu a teburin mai magani a kasuwanninmu, a Masar, Saudiyya da Daular Larabawa ƙwaya ce mai kai mutum kurkuku. A 2017 kotun Masar ta ɗaure wata ’yar Ingila shekara 3 saboda ƙwayar tramol 290 da aka samu a jakarta, duk da ta ce ciwon bayan mijinta ta kawo wa. Maganin tari mai kodin da magungunan barci su ma haka. Idan likita ne ya ɗora ka a kan irin waɗannan, ga yadda za ka yi: ka karɓi takardar likita mai hatimi da sunanka yadda yake a fasfo, a fassara ta zuwa Larabci ko Turanci, ka bar maganin cikin kwalinsa na farmasi, ka ɗauki daidai na kwanakin tafiyarka. Mai zuwa Dubai sai ya nemi izinin ma’aikatar lafiyarsu ta intanet tun yana gida. Ko maganin hawan jini da na suga, kada a ɓare su a zuba a leda ɗaya don rage nauyi. Ƙwaya marar kwali sai an kai ta ɗakin gwaji, kai kuma kana zaune kana jiran sakamako.

Maganin gargajiya ma haka yake. Garin sassaƙe a ƙullin leda ba suna ba rubutu, jami’in duwan, wato kwastan, bai san maganin basir ba ne. Ka bar shi a gida.

Sai laya, guru, kambu da rubutun sha. Na san abin yana da nauyi a zuciyar wasu, amma gaskiya ɗaya ce: Saudiyya da Daular Larabawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin kayan sihiri, sihiri kuwa laifi ne a dokarsu. Mafi sauƙi a ƙwace, mafi muni a tsare ka. Ka duba wuyan yara da ƙugun tsofaffi kafin ku fita.

Goro an hana shiga da shi Saudiyya, kuma duk shekara hukumomin alhazai suna nanata wannan. Kilishi, dambun nama, man shanu da duk abin da aka yi da nama ko madara ba sa shiga ƙasashen Tarayyar Turai a kayan matafiyi. A Amurka kowane abinci sai ka faɗa a takardar shiga, ɓoyewar ita ce ke jawo tara.

Tsarabar Marwa ma a kula. Jaka ko takalmin fatar kada da mesa suna ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji ta CITES, ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Hauren giwa ko ɗan ƙaramin abin wuya ne kada ka kusance shi. Na fatar akuya da saniya ba su da wannan matsalar.

Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, Masar da Maroko suna ƙwace shi a filin jirgi. Riga ko wando mai zanen kakin soja kuma kada ka shiga Najeriya da shi.

Mataki na 4: Saƙon mutane

Wata shekara ina layin awon kaya, wata dattijuwa ta dafa ni. Ta kai sa’ar mahaifiyata, carbi a hannunta. Ta ce, “Ɗana, na ga kayanka ba yawa. Ga ɗan ƙulli ka miƙa wa ’yata a Jidda, yaji ne da kuka.” Na ce, “Inna, Allah ya huci zuciyarki, ko na mahaifiyata ne sai na kwance na gani.” Ranta bai so ba, amma ta ce in kwance. Muka tsuguna gefe. Ga yaji, ga kuka, ga daddawa, a can ƙasa kuma ga wani ƙulli da aka naɗe da baƙar leda aka ɗaure da zare. Da na warware, sai ga katin ƙwayoyi an jera, ba kwali. Dattijuwar nan ta zauna daɓas a ƙasa tana salati. Ashe ita ma wani maƙwabci ne ya ce ta haɗa masa da nata, ba ta taɓa buɗewa ba. Har yau in na tuna yadda hannunta yake rawa, sai in ji tausayinta ya kama ni, don da ita ce mai tafiyar da ba ta da bakin kare kanta.

Doka ba ta tambayar mai kaya, wanda sunansa ke manne a jaka shi ne mai ita. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya. Mun ji labarin wata ɗaliba daga Kano da aka kama a Madina a Disamban 2018, bayan wasu ma’aikatan filin jirgi sun manna sunanta a jakar ƙwaya da ba ta san da ita ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan bincike ya tona asirinsu kuma gwamnatin ƙasarta ta tsaya tsayin daka. Ba kowa ke samun wannan gatan ba.

Don haka ga ƙa’ida. Saƙon wanda ba ka sani ba, a’a, ko da kuka yake yi. Kunyar mara kunya asara ce. Saƙon ɗan’uwa, a kawo maka gida kwana 2 kafin tafiya, ka buɗe a gabansa, ka sake ɗaurewa da hannunka. Gwangwani rufaffe, takalmi mai kaurin ƙasa, littafi mai kaurin bango, in ba ka iya ganin cikinsu ka bar su. Kada ka sayar wa kowa kilon da ya rage maka.

A wurin awo, ka tsaya da kanka. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga ’yan takardun shaida da aka manna maka a tikiti: jaka 2, shaida 2. Ka ɗauki hoton jakunkunan a kan sikeli da nauyinsu. Kada ka ba ɗan dako ko mai “taimako” fasfonka ya je ya yi maka awo.

Mataki na 5: Kuɗi

Ɗaukar kuɗi da yawa ba laifi ba ne, ɓoye su ne laifi. Dokar canji ta CEMAC ta ce wanda zai fita da abin da ya haura sefa miliyan 5 sai ya bayyana wa duwan. A Turai iyakar yuro 10,000 ce, wajen sefa miliyan 6 da rabi. A Amurka da Najeriya dala 10,000, a Daular Larabawa dirhami 60,000. Ka nemi takardar bayyanawa da kanka, ka cika, ka riƙe rasiɗin banki ko na wurin canji. Wanda ya ɗinke kuɗi a cikin rigar sanyi aka gano, za a riƙe kuɗin, a kuma tambaye shi inda ya samo su.

Gargaɗi: kada ka riƙe wa abokin tafiya kuɗinsa ku ƙetare don nasa ya yi yawa. Raba kuɗi don kauce wa bayyanawa laifi ne mai zaman kansa.

A can, ka yi canji a wurin da ke ba da rasiɗi. Jabun takarda ɗaya da mai canjin titi ya cusa maka, a hannunka za a kama ta. Mata masu sayen gwal su adana rasiɗin kowane abu. Mai zuwa Nijar ya tuna sefarmu ta BEAC, babban bankin ƙasashen CEMAC, ba ita ce tasu ba, ko da darajarsu ɗaya.

Mataki na 6: Ƙetare iyaka ta ƙasa

Wannan ni kaina na taɓa faɗawa. Ina sauri zan je ɗaurin aure, mai babur ya ce akwai hanyar da ba shinge, minti kaɗan mun shiga. Mun shiga ɗin. Sai da na yi nisa cikin ƙasar aka tsayar da motarmu, jami’i ya buɗe fasfona shafi-shafi bai ga hatimin shiga ba. Ya ce, “Alhaji, ta sama ka faɗo?” Na yini a benci a bayan ofis, an ɗaura aure ba ni, da ƙyar aka yarda na koma bakin iyaka na shigo ta ƙofa. Gaskiyarsa ce, ni ne na shiga ƙasar mutane ta katanga.

Ko ta gadar Ngeli za ka bi daga Kuseri zuwa Njamena, ko ta Fotokol zuwa Gamboru, ko ta Amcide zuwa Banki, ka sauka ka je teburin shige da fice. A buga maka fita a wannan gefe, a buga maka shiga a wancan. Kafin ka bar wurin ka duba hatimin: kwanan wata daidai ne, kwana nawa aka rubuta? Ka ƙetare da rana, don waɗannan yankuna ne da sojoji ke aiki, kuma dokar hana fita tana iya sauka ba sanarwa mai tsawo. A kan gada da shingen soja, waya ta zauna a aljihu.

Mataki na 7: Ranar farko

Ka sauka inda ka rubuta a takardar biza. Ka sayi layin waya da fasfonka a shagon kamfani, kada ka karɓi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ba ka san abin da aka aikata da shi ba. Ka rubuta a takarda, ba a waya kaɗai ba: lambar masaukinka, ta wani naka a gida, da ta ofishin jakadanci. Kamaru tana da ofishi a Riyad, Alƙahira, Abuja, Njamena da Paris, da ƙaramin ofishi a Jidda. Lambar ’yan sanda 112 ce a Turai da Turkiyya, 999 a Dubai, 122 a Masar.

Ka yi kwafin fasfo da biza guda 2, ɗaya a jaka, ɗaya ka bar wa iyali. Fasfo ba ya zama jingina a hannun mai masauki, mai hayar mota ko ejan.

Mataki na 8: Waya da harshe

Yanzu waya ta fi jaka kai mutane ofishin ’yan sanda. A Daular Larabawa, dokar intanet ta 2021 ta sa ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da izininsa ba laifi ne mai ɗaurin aƙalla wata 6, ko tarar dirhami 150,000 zuwa 500,000, ko duka biyun. Masu ɗaukar bidiyon TikTok a kasuwa suna juya kyamara kan fuskokin matan mutane, da ku nake. Haɗarin mota, ’yan sanda a bakin aiki, barikin soja, fadar shugaba, wurin bincike a filin jirgi: kada ka ɗauka a kowace ƙasa.

Zagi ta WhatsApp ma ana kai shi kotu a can, haka nuna wa direba alamar zagi da hannu. Daƙuwar da muke yi ba tunani, ka riƙe hannunka. In mai shago ya cuce ka, kada ka ci kwalarsa, ka kira hukuma, don wanda ya fara kai hannu shi ne mai laifi.

Siyasar ƙasar mutane ba taka ba ce. A Turkiyya zagin shugaban ƙasa ɗaurin shekara 1 zuwa 4 ne. A Saudiyya an ɗaure mutane shekaru masu yawa kan rubutun da suka yi a intanet. A Harami kada ka ɗaga tuta ko hoton kowa, kada ka tara mutane kana wa’azi, kada ka shiga gardamar aƙida. Abin da ka gani a yashe, waya ko jakar kuɗi, ka nuna wa askar, kada ka sa a aljihu da niyyar cigiya. Kyamara hannunka kawai take gani, kuma shari’a ma ta hana ɗaukar tsintuwar Makka sai ga mai shelanta ta.

Mataki na 9: Titi, kasuwa da gidan biki

Ƙananan dokoki ne, amma su suka fi kama baƙo. A Dubai ƙetare titi ba ta wurin da aka ware ba dirhami 400 ne, namiji ya shiga taragon mata a jirgin ƙasa dirhami 100. A Turai ba mai tsayar da kai a ƙofar wasu motoci da jirage, amma masu bincike suna shigowa ba zato, tikitin da ba ka buga a na’ura ba kamar babu ne. Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama’a tun 2011, tarar tana kaiwa yuro 150, Beljiyam ma ta hana. Mu da muka ga irin wannan doka a Cadi da jihar Arewa Mai Nisa a 2015 ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Bara da yawon neman taimakon gina masallaci ba izini laifi ne a Saudiyya da Daular Larabawa, komai kyan niyya. A Masar da Turkiyya kada ka tsinci dutse ko tsohon kwabo a wuraren tarihi ka sa a jaka, ana tsare mutane a filin jirgi saboda haka. Jaka da agogon jabu masu sunan manyan kamfanoni kuma, duwan ɗin Faransa suna ƙwacewa su ci tara.

Masu zuwa biki Najeriya: liƙi da watsa naira da taka ta laifi ne a dokar babban bankinsu ta 2007, ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka. An daɗe ba a kula ba, amma daga 2024 an ɗaure mutane a kai, kuma bidiyon bikin shi ne shaida. Ki sa kuɗin a ambulan ki miƙa wa amarya.

Mataki na 10: Idan an tsare ka

Bi wannan a jere. Ka tsaya, hannunka a fili, kada ka gudu, kada ka taɓa jami’i. Ka ba da sunanka da takardunka. Kada ka miƙa na goro. Abin da ya saba buɗe shinge a hanyar Garwa zuwa Marwa, a Dubai ko Paris sabon laifi ne wanda ya fi na farko girma. In tara ce, ka nemi takarda, ka biya inda aka rubuta, ka karɓi rasiɗi.

In an kai ka ofis, ka nemi tafinta da harshen da ka fi ji, Faransanci ko Hausa, kada ka lallaɓa da guntun Larabcin kasuwa. Ka faɗa a fili cewa kana so a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka. Haƙƙinka ne a sashe na 36 na yarjejeniyar Viyana ta 1963, amma sai ka nema.

Gargaɗi mafi girma: kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba, ko an ce maka “sa hannu ka tafi gida”. Sau da yawa takardar amsa laifi ce. Ka ce sai an fassara maka, kuma kana son lauya. Ka faɗi gaskiya a taƙaice, kada ka ƙirƙiri labarin da gobe za ka manta.

Ka san iyakar abin da jakada zai iya. Zai ziyarce ka, ya sanar da iyalinka, ya nuna maka lauyoyi, ya sa ido kada a zalunce ka. Ba zai fitar da kai daga hannun kotu ba, ba zai biya maka tara ba. Iyali a gida kuma su yi hattara: da zarar labari ya fita, masu cewa “na san wani babba a can, a turo miliyan 2” za su yi sallama. Kuɗi ya bi ta hannun lauya mai ofis, da rasiɗi.

Mataki na 11: Ɓatan fasfo da ranar dawowa

Fasfo in ya ɓace, ranar nan ka je ofishin ’yan sanda mafi kusa ka karɓi takardar shaidar ɓata. Ka kai ta ofishin jakadanci tare da kwafin nan da ka ajiye da ƙananan hotuna, su yi maka takardar wucewa ta komawa gida. Daga nan ka je ofishin shige da fice na ƙasar su daidaita fitarka. Wa’adin bizarka bai tsaya jiranka ba, don haka kada ka kwana a kai.

Kafin ranar tashi ka biya duk abin da ake binka: masauki, tarar motar haya, bashin ɗan kasuwa. A ƙasashen Larabawa wanda ya kai ƙararka kan bashi yana iya sa a hana ka fita, sai ka je teburin ƙarshe za ka ji. Ka sake zazzage jakarka kamar yadda ka yi a gida, don saƙon dawowa ya fi na tafiya yawa. Zamzam kada ka cusa shi cikin kaya, galan rufaffe mai lita 5 da ake sayarwa a filin jirgi shi ake karɓa. Ka isa awa 3 kafin tashi, ka tabbata an shigar da fitarka, in hatimi suke bugawa ka gan shi da idonka. Da ka sauka Garwa, Duwala ko Njamena, ka bayyana kayan sayarwa a duwan da rasiɗinsu. Tsohon fasfo kuma ko ya ƙare kada ka yar, hatiman shiga da fita da ke ciki su za ka nuna ranar da ka je neman wata bizar.